Gwangwanin Baba

Abin da Baba ya bari bai isa a kira malami rabon gado ba.
Yayyena suka ɗebi riguna da rediyo,
ni aka turo mini gwangwanin madara mai tsatsa a wuya,
aka ce, "Ki riƙa zuba allurai."
Da na buɗe, ƙusoshi ne fal,
waɗanda ya miƙar ɗaya-ɗaya bisa dutsen ƙofar gida,
da guntuwar guduma mai ƙotar aro,
da filaya wadda sai an lallashe ta take buɗe baki.

Shekara talatin yana Magazin a Suwame,
kwance ƙarƙashin motocin mutane.
Ya dawo Aboabo da magariba, baƙin mai har gwiwar hannu,
ba zai zauna ba sai ya ji wace ƙofa ke kuka.

Yanzu ni ke sauraro.

Ruwan Kumasi ba ya sallama.
Daren Talata ya sauko, wuta ta ɗauke,
rufi ya tsiyaya wuri uku.
Na tara bokiti a ƙafar gado,
tukunyar shinkafa da wake a tsakar ɗaki,
kwanon shan Sidiku kusa da buhun gawayi.
Kowane da irin muryarsa,
har asuba suna gardama, ni ina ƙirge.

Kafinta ya ce sidi ɗari uku, ban da kayan aiki.
Na ce Allah ya ba mu alheri.

Tsani na aro wurin Maame Dufie mai dokunu.
Ta riƙe mini ƙafarsa tana kiran Yesu,
ni ina hawa da bisimilla,
zani ɗaure bisa wandon Sidiku.
Masu shayi a bakin lungu suka ajiye kofi:
"Yau kuma 'yar Mumuni ce a sama?"
Ban tanka ba, ƙusa uku ke bakina.

Daga can unguwa wata iri ce.
Kwano ja, kwano baƙi, duwatsu da tsoffin tayoyi
suna danne rufin kowa,
shanyar wani tana taɓa hayaƙin wani,
torotoro na rarrafe zuwa Kejetia
kamar jerin kiyashi sun ji sukari.

Sai na ga facinsa.
Kwalta busasshiya, da shatin babban yatsa a ciki.
Na ɗora nawa, bai cika gurbin ba.
Na daɗe a tsugune, rana na gasa mini tafin ƙafa,
kafin na lura:
duk inda ke yoyo, nan ya taɓa gyarawa.
Ga ƙusa a karkace, ga wata ta kuskure katako,
ga ledar burodi da ya cusa a rami
ya shafe da kwalta don kada a gani.

Baba! Kai da ake kawo wa injin da ya gagari kowa?
Na yi dariya har tsani ya girgiza,
Maame Dufie ta ɗauka kuka nake,
ban ce mata a'a ba.

Biyu na toshe.
Na ukun ya fi ni taurin kai,
har yau in hadari ya taso ta gabas
tukunya ta san wurin kwananta.

Jiya ina cuɗa wanki na ji ƙwas, ƙwas.
Sidiku ne a ƙofar gida,
ya tsinto lanƙwasasshiyar ƙusa a bakin kwata.
Bugu na huɗu ya samu yatsa.
Ya tsotse, ya waiga ko na gani,
na mai da ido kan kumfa.
Can na ji ƙarar ta faɗa gwangwani.