Mai Tuni a Bayan Labule

Ƙarfe biyu na rana ake busa ƙaho.
Kwale-kwale sun tsallako da mutanen Landan,
kowa ya jefa kwabonsa a akwati.
Ni ina bayan labule, littafi bisa cinya.
Sana'ata tuni.

Gervase ne ɗan da aka kashe wa uba.
Kullum yakan fito da baƙar riga, ya durƙusa,
ya rantse ko teku za ta ƙafe
ba zai manta ba.
To yau daidai nan ya manta.
Baki buɗe, takobi a sama,
har mai tallan tuffa ta haɗiye kiranta.
Na raɗa masa kalma biyu.
Ya cafe kamar mai ƙishi, ya kwarara ihu,
gida ya ɗauki tafi.

Fatalwar kuwa tsoho Lambert ne,
an baɗe shi da garin alkama,
yana ƙarƙashin dandamali yana danne tari.
Sai na buga ƙafa sau uku.
In ban buga ba, mamaci ba ya tashi.

Kakata Sibil ta ce a ƙuruciyarta
ana kunna wa matattu kyandir,
a kira sunayensu ɗaya ɗaya a coci,
a roƙa musu sassauci.
Aka hana. Aka shafe bango da farar ƙasa.
Da suka rasa ƙofar ƙwanƙwasawa
sai suka haye kogi, suka sauka wurinmu,
kusa da filin da karnuka ke yagar beyar.
A nan ba addu'a suke roƙo ba.
Jini suke bi bashi,
mu kuwa na tunkiya muke biya,
cikin mafitsara, ɓoye a hammata.

Kafin magariba gawa takwas ta miƙe,
ta kaɗe ƙura, ta tafi shan giya.

Ƙanena Piers bai miƙe ba.
Kan caca ne, damina biyar ke nan,
wuƙa ɗaya a ƙasan haƙarƙari.
Wanda ya soke shi yana zuwa duk Laraba,
benci na biyu, hula mai gashin jimina,
tafinsa ya fi na kowa ƙara.

Na san jawabin ɗaukar fansa goma sha ɗaya da ka,
na san inda ake numfashi a kowanne.
Ina kallonsa ta hudar labule,
yatsana bisa layi.
Ban manta ba.
Babu dai wanda zai buga mini ƙafa.