Karatu a Majema

Shekara huɗu ina zarya Majema da rakoda,
ina toshe hanci a ɓoye, ina tambaya a sarari.
Na tsince kalmominsu kamar mai tsintar bagaruwa,
na kai Kongola na jiƙa su cikin Faransanci,
suka fito shafi ɗari uku da goma sha ɗaya.
Mutum biyar suka karanta, uku suka sa hannu.
Tun daga nan gara ce kaɗai ke bitarsa a kanta.

Wata Asabar muka ce a mayar wa mai kaya kayansa.
Muka ɗaure majigi a bayan babur,
muka ƙetare Mayo Kaliyawo, yashi zalla,
muka rataya zanen gado a igiyar shanyar fata.
Wuta ta ɗauke, yadda ta saba yi a Marwa.
Wani tela ya ara mana janareto, mu muka zuba mai.

Na miƙe na gyara murya,
na fara da gabatarwa.
Akuya ta yi kuka. Yara suka bi mai ƙanƙara.

Baba Ɗantani bai ɗago ba, kartaji na hannunsa,
sai da na ce fata kwana uku take yi a ruwan bagaruwa.
Ya ce, "Wa ya gaya maka?"
Na ce, "Kai, Baba."
Ya ce, "Ran nan zafi ake yi, kuma kana sauri.
Fata ba ta san Talata ba.
Babban yatsa ke tambayarta, ita ke ba da amsa."
Ya kama hannuna, da agogon da komai,
ya tsoma shi cikin kwatarniya har gwiwar hannu.

Abin da na taɓa a can ƙasa
ba shi a babi na huɗu.

Da duhu ya yi muka kunna muryoyi.
Ta uku muryar Hamadu Baduku ce,
wanda aka binne bara da damina,
yana bayanin yadda karan dafi ke ba fata ja,
yana tari, yana dariya, yana korar kaji.
Wata mata a bayan taro ta ajiye tiren gyaɗarta.
Ba ta yi kuka ba.
Ta ce, "Ɗan makaranta, maido wurin tarin nan."
Na maido. Ta ce, "Ƙara."
Sau biyar. Har mai ya ƙare,
muka zauna shiru, sauro na ta hidimarsa.

Ni da na lissafa shi a lamba ta goma sha bakwai
cikin jerin waɗanda aka zanta da su.

Ran Laraba Baba Ɗantani ya zo jami'a.
Mai gadi ya ce ina katinsa.
Ya buɗe tafin hannu, baƙi ƙirin da kuloko,
ya ce shekara hamsin ke nan bai goge ba.
Ya shiga aji ya ƙi hawa kujera,
ɗalibai sittin suka sauko ƙasa,
biyu daga ciki jikokin majema ne da ba su taɓa faɗa ba.

Kundina yana Majema yanzu, rataye a ƙusa.
An yi masa bango da fatar akuya.
Gefen kowane shafi cike da gyara,
wani da ajami, wani da boko,
wani shatin yatsa ne kawai,
kuma yana wari.