Abin da Fata Ta Sha

Ƙarfe shida, birnin Łódź bai gama farkawa ba,
taragon lantarki na keta dusar ƙanƙara.
Bogumiła ta rataye rigar sanyinta a ƙusa,
ta zura hannu cikin safar roba biyu, ɗaya kan ɗaya,
ta gaida ɓeraye kamar maƙwabta.

Ashirin da huɗu ne, farare fat, idanu jajaye.
Ba a raɗa musu suna, lamba ta wadatar.
Sai dai na goma sha ɗaya kunnensa a tsage yake,
da shi take farawa.

Jiya ta aske masa gadon baya,
fili ɗan mitsitsi, faɗin kan sarki a jikin wasiƙa,
a hankali, kada reza ta ƙwarzane shi,
don fatar da ta ji ciwo ƙarya take yi wa ma'auni.
Yau sai ɗigo:
sinadarin da ake haɗa rini da shi,
kalar shayin da ganye bai kama ba.
Ta shafa, ta kifa murfi, ta naɗe da bandeji
kada ya kai harshe.
Ba ta baki ake tambaya ba.
In an rufe ƙofa an sa sakata,
nawa ke shiga ta bango?

Ɓeran bai yi ƙara ba.
Ya shinshini babban yatsanta, ya yi atishawa.

Daga nan sai jira.
Keji na gilashi, mazurari a ƙasa,
fitsari na ɗiga cikin kwalba mai lamba,
agogo na cin sa'o'i takwas ba gaggawa.

A irin wannan jira mahaifinta ke dawo mata.
Wacław, shekara talatin da ɗaya a masana'antar rini ta Zgierz.
Ran Litinin hannunsa shuɗi, ran Alhamis ja,
ko ba kalanda ka san ranar.
Yakan dirje da dutse da sabulun wanki,
ya ce, a waje ya tsaya, 'yata, fata ai ganuwa ce.
Ran Lahadi a coci hannu na aljihu.
In ya fere mata dankali
sai ta ga sawun yatsunsa a jikin farin.
Tana ci. Tana dariya.

Ashe baƙon ba ya sallama.
Ranar da fitsarinsa ya fito da jini
likita ya tambayi taba, ya tambayi giya,
ya tambayi ciwon da ya kashe kakansa.
Hannayen na kwance bisa cinya,
ba wanda ya ce musu uffan.

Ran Laraba Ireneusz ya leƙo daga ɗakin na'ura,
burodi a hannu, takarda a hammata:
kashi talatin da takwas cikin ɗari ya ratsa.
Ta rubuta. Alƙalamin bai yi rawa ba.
Lambar za ta yi tafiya ofis-ofis
ta zama layi guda a jikin ganga:
a sa safar hannu.
Wani da ba za ta taɓa gani ba
zai karanta, ko zafi ya dame shi ya cire.

Jumma'a ake gamawa da su.
A ɓare fatar da salatif, sala bayan sala,
a auna hanta, a auna ƙoda,
a bi sawun ɗigon har inda ya kwana.
Wannan karon na goma sha ɗaya ta bari ƙarshe.
Ta riƙe shi ya ɗan jima,
ɗumin cikinsa na ratsa safa biyu.

Da dare, sanyi ya farfasa mata bayan hannu.
Ta lakato man shafawa, ta goga,
ta tsaya ƙarƙashin fitilar kicin tana kallo
har ya ɓace.