Giya Goma

Sai da na shekara arba'in da bakwai
na san ƙafar hagu tana da sana'a.
Da aka rufe mayankar garinmu
na ajiye wuƙa, na hau tirela.

Orval Hruska, tsinken sakace a baki,
ba ya tsawa, ba ya yabo.
"Taka, fitar. Taka, saka.
Kuloci sau biyu, Marlys, ba kokawa ba ce."
Giya kuwa sai kuka,
kamar an zuba tsakuwa a injin markaɗe.

Mako uku muna zagaya bayan rumbunan masara,
iskar Nebraska tana ture mu.
Wata safiya ya kifa hularsa kan agogon inji:
"Da kunne za ki gani."
Na kasa kunne. Ƙara ta hau, ta tsaya jirana,
sanda ta faɗa ta shida, sulluɓ.
Bai tanka ba. Ya mayar da tsinken ɗaya gefen.

Ranar gwaji ƙanƙara ta narke a kwalta.
Mista Yoder, takarda a cinya.
Kwanar dama: tayar baya ta wuce dakali
da faɗin yatsa biyu.
Ga layin dogo. Inji na kira, tafina na ƙaiƙayi,
amma a kan dogo ba a taɓa giya.
Na damƙe sitiyari har wutsiya ta haye.

Ya sa hannu bai ɗago ba.
Na diro ƙasa, gwiwar hagu na rawa ita kaɗai,
tana neman kuloci a cikin taɓo.