Gado na Tara

Bappa Manu, mai shayin tashar Dukku,
shekara talatin yana zuba wa gari sukari.

Ɗan kogo ne a turmin hagu.
Ya cusa masa kanumfari,
ya kurkure da ruwan gishiri.

A sha-ka-tafi aka ce, "Mai duba baki sai Gombe."
Ya ƙirga kuɗin mota, ya ce bari.

Daren Laraba wuya ya haɗe da kunci,
ido ya nutse cikin kumburi.

Gado na tara. Ruwa na ɗiga a jijiya.
Na sayar da butar shayinsa, har teburi.
Likita ya ce, "Da kun zo da wuri..."

Cokalin kunu ya kasa wuce haƙori.
Masu dubiya na shiga, suna fita:
"Sannu, Bappa. Sai haƙuri."