Marayun Shafin Baya

Kwali uku na tarar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa,
bayan tukunyar ɗumama gida,
ranar da muka kwashe kayan Kawu Orval a Youngstown,
ƙanƙara na narkewa, tana bin gefen titi.
Tsofaffin mujallu ne masu araha,
takardarsu ta koma launin shayi,
ka ɗaga shafi, ya karye maka kamar ƙanzo.
Sau bakwai na yi atishawa kafin in karanta kalma ɗaya.

A bango, wata na kururuwa,
dodo mai hannu takwas ya riƙe mata ƙafa.
Ba shi nake nema ba.
Can baya, inda talla ke hawa kan talla
kamar ma'aikatan masana'antar ƙarfe a motar asuba,
nan kawuna ya ɓuya.
Shi ya zana siririn yaron da zai zama ƙato cikin wata guda,
da haƙoran roba da ake aikowa ta gidan waya,
da mai sanƙo yana shafa mai, yana murmushin bege.
Dala biyu kowane zane. Bai taɓa sa hannu ba.
Amma na gane kunnuwan:
duk wanda ya zana, kunnuwan babana gare shi.

Na ce zan tattara su in buga ɗan littafi.
Na kai wa Lauya Pruszynski.
Ta sa tabarau, ta riƙe mujallar da yatsa biyu
kamar mai ɗauke ɓera da wutsiya.

Ta ce: a zamanin can, shekara ashirin da takwas ake ba haƙƙin mallaka,
in ba a sabunta ba, ya faɗi.
Je ki duba rajista.

Na duba. Kwana tara ina bin ƙananan rubutu
har idona ya fara ganin tururuwa.
Labarin shafi na sha huɗu, matar marubucin ta sabunta shi,
ta rasu, ta bar wa ɗa, ɗan ya bar wa wanda ba ya amsa wasiƙa.
Bangon kuwa na kamfani ne,
kamfanin wani ya haɗiye shi,
wanda ya haɗiye shi ma an haɗiye shi,
yanzu yana cikin tumbin wani da bai san ya ci dodo ba.

To, tallan fa?

Ta cire tabarau.
Mai maganin sanƙo ya karye tun kafin a haife ki.
Ban ga inda kowa ya nemi haƙƙinsa ba.
Ga alama na kowa ne.
Ga alama, ta sake cewa, don lauya ba ya rufe ƙofa ruf.

Na fito ina lissafi a bakin hanya.
Abin da aka so, an kulle shi, ba mai karantawa.
Abin da aka raina, shi ya sami hanya.

Ran Asabar a kasuwar 'yan gwanjo
na ga siririn yaron nan a gaban rigar wani saurayi,
an ƙara masa ja da shuɗi,
dala ashirin da biyar, in ji shi.
Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.
Na buɗe baki in ce na kawuna ne,
sai na tuna ko ranar da tawadar ke ɗanya ba nasa ba ne,
ya sayar, ya sayi kwal da burodi.

Na ce, tsaya in ga kunnuwan.
Ya tsaya, yana mamaki.
Suna nan, a buɗe, kamar hannun tulu.

Zan buga littafin.
Ba wanda zan roƙa izini,
ba kuma wanda zan hana ya kwafa.
Abu ɗaya kawai zan ƙara a ƙasan kowane zane,
wanda doka ba ta taɓa tambaya ba:
Orval Vasko ne ya yi wannan,
da daddare, bayan ya taso daga aiki.