Kafin In Karɓi Makulli

Barmo dillali ya ce, "Malama, wanga gida
ko ɗiyar cikina sai in sa ta ciki."
Ɗaki biyu da falo, rijiya a tsakar gida,
darbejiya ta leƙo ta saman katanga,
kuɗin kuwa rabin na Tudun Wada.
Kuɗin ne suka hana ni barci.
Tun ina yarinya nake jin araha ba ta ado.

Sai na koma ni kaɗai, ran Talata da hantsi.
Na bi gindin katangu da ido
har na ga inda ruwan bara ya sa hannu:
baƙin layi, daidai gwiwata,
daidai ƙirjin Luba.
Kwalbatin bakin layi ya ƙoshi da leda.

Aikin asibiti bai san magariba ba,
wata rana sai tara nake cire farar riga.
Na tambayi mai Keke, "Bayan isha'i kana shigowa?"
Ya sosa ƙeya, ya duba madubi.
"Har gidan mai dai, Hajiya. Daga nan sai ƙafa."
Na auna ƙafar:
taku ɗari huɗu da sha ɗaya,
fitilar sola guda a ƙofar wani mai hali,
daga ita sai duhu,
daga duhu sai gonakin dawa
inda Gusau ke ƙarewa ba sallama.

Ƙofofi bakwai na ƙirga da kwaɗo,
ciyawa ta tsiro a bakin zaurensu.
Inna Hajo tana juya awara a kasko.
Na ce, "Sun je ganin gida ne?"
Ta ce, "Sun tahi dai."
Mai ya yi ƙara, ta tsame guda uku.
"Wata huɗu ke nan ba mu ji komi ba."
Ban tambaye ta abin da ba su ji ba.

Amma fa na ga yara suna langa
har liman ya gyara murya.
Na ga mai shayi ya kori wani yaro gida
da sunansa, da sunan uwarsa.
Na ga takarda manne a bangon masallaci,
kowane gida ɗari biyar na 'yan sintiri,
an soke waɗanda suka biya, saura mutum biyu.
Wata ta tare ni da goyo a baya,
"Ke ce malamar asibitin da za ta dawo nan?"
Kafin in ce a'a, kafin in ce i,
tafina na kan goshin ɗanta, zafi rau.

A Tudun Wada ɗaki ɗaya ne,
ruwa sai na saya, hayaniya kyauta,
maƙwabcina bai san sunana ba shekara uku.
Sai dai can ina kwana da ido biyu a rufe.

Na roƙi Inna Hajo aron tabarma
in ji da kunnena yadda dare ke magana a nan.
Sha biyu, karnuka.
Ɗaya saura, usur daga gabas,
wani ya amsa daga bayan makaranta.
Na jira na uku.
Na jira har na ji bugun zuciyata a kunne,
sannan ya zo, can nesa, a gajiye,
amma ya zo.

Da safe Luba ta tare ni a ƙofa,
"Mama, gidan da bishiya?"
Na ce da bishiya.
"Da yara?" Na ce da yara.
Sauran ban faɗa mata ba.

Makulli na aljihun Barmo har Juma'a.
Kuɗin na ƙulle a bakin zanena.
Na kwance, na ɗaure, na sake kwancewa,
yau Laraba.